Mai Riƙe da Makullin Ruwa

Ƙarfe huɗu na asuba nake fita,
gari na barci, duwatsun titi ba su huce ba.
A kafaɗata doguwar sandar ƙarfe,
shekara ashirin da shida muna tare.
Ni ne Gaspare na hukumar ruwa,
a wani ɗan gari bisa tudu, tsakiyar tsibirin Sisili,
inda watan Yuli ke gasa ƙadangare a dakalin coci.

Na ɗaga murfin rami a Layin Maƙera,
na murɗa bawul sau goma sha ɗaya.
Bututu ya yi tari, ya yi gyatsa,
ruwa ya taho ja kamar romon wake.
Fitilu suka kama, taga bayan taga,
ina jin bokitai suna gaisawa.
Awa uku ce rabonsu.
Sai kuma bayan kwana shida.

Ga abin da takardar sanarwa ba ta faɗa:
kafin in buɗe wa wani, sai na rufe wa wani.
Hannun da ya ba Maƙera
shi ya hana unguwar Gangare,
can kuwa tsohuwata take, Agata,
da tukwanen ɗoɗɗoya bakwai a baranda.
Ta ce, "Na haifi mai makulli,
ga ni ina wanke kwano da ruwan da na dafa taliya."
Na sunkuyar da kai, na ci abincina.

A ofis Nunzia ce ke ɗaukar waya.
Tun safe ake zuba mata zagi,
tana rubutawa da kyakkyawan rubutu,
kamar zagin ma yana da lamba.
Injiniya Saverio ya shimfiɗa taswira:
dam ya koma kashi tara cikin ɗari,
tsohuwar gadar da ruwa ya haɗiye zamanin kakanni
ta fito tana shan rana.
Calogero ya sayar da awakinsa arba'in,
ya bar ɗaya, wai don ya sami abokin magana.
A bakin teku kuwa, an ce,
tafkin wankan otal bai san ana bazara ba.

Rabin abin da muke turawa, in ji Saverio,
ba ya isa famfon kowa.
Bututun sun girmi uwata,
suna yoyo a duhu, babu mai ji.

Wani dare na tsaya a bakin Gangare,
na ɗora sandar a kan bawul.
Rubu'in murɗawa kawai. Wa zai sani?
Hannuna ya yi gumi.
Sai idona ya faɗa kan ɓauren nan
da ya tsaga bangon tsohon gidan burodi:
kowane icce a garin ya yi launin toka,
shi kaɗai kore shar, har da 'ya'ya.
Ruwa ba ya tsami banza.
Na cire sandar daga bawul, na dasa ta a ƙasa,
na kara kunne a ɗaya bakin.
Can ƙasa wani abu yana raɗa,
siririn sauti, kamar mai hura miya.

Kwana biyu muna haƙa, ni da yara uku.
Tsagar ba ta fi tsawon yatsa ba.
Shekara nawa tana shayar da icce ɗaya
da rabon gida sittin?
Muka ɗaure ta, muka mayar da ƙasa.

Yanzu Gangare na samun ƙarin minti arba'in.
Tsohuwata ba ta yi godiya ba,
ta dai aiko mini da ganyen ɗoɗɗoya a takarda.
Ɓauren ya fara zubar da ganye.
Ina bi ta gabansa kullum da asuba,
ba na iya kallonsa sosai.
Jiya na juye masa sauran ruwan gorata.
Agusta ko kamawa bai yi ba,
sama kuwa fes, kamar an wanke faranti.